Ramukan Intanet da Ƙa'idar PPP: Wa Ya Tsara Su, Kuma Me Suke Ɓoyewa?

A watan Oktoban 2024 kamfanin Microsoft ya sanar da cewa ya fara shirin janye PPTP da L2TP daga manhajarsa ta Windows Server, ya kuma shawarci masu kula da kwamfutocin ofisoshi su koma SSTP ko IKEv2. Apple ya riga shi, domin tun 2016 ya cire PPTP daga wayoyin iPhone da kwamfutocin Mac. Duk waɗannan sunaye hanyoyi ne na haɗa VPN, wato ramin da ake haƙawa a cikin intanet don bayani ya bi ta ciki daga wannan na'ura zuwa waccan. To, idan dukkansu VPN ne, me ya sa ake watsi da wasu ana riƙe wasu? Kuma wa ke da ikon cewa wannan ƙa'ida ta inganta, waccan ta lalace?

Tambayar ta shafe mu fiye da yadda ake zato. Da yawa daga cikinmu sun san VPN ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, dakatarwar da ta kai har watan Janairun 2022. Tun daga nan aka ɗauke shi tamkar layar zana: ka kunna, ka ɓace. Gaskiyar lamarin ita ce mafi yawan ƙa'idojin da ake haƙa ramin intanet da su ba don ɓoye kowa aka ƙirƙire su ba. An yi su ne don na'urar wannan kamfani ta fahimci ta wancan, kuma don a rage kuɗin kiran waya. Sirri daga baya aka liƙa shi, wani wurin ya kama, wani wurin bai kama ba.

## Layin da babu na uku a kansa

Akwai hanyoyi biyu na haɗa na'urori. Ko dai a tara su da yawa a kan hanya ɗaya, kamar yadda wayoyi goma ke hawa Wi-Fi guda, inda dole kowane saƙo ya ɗauki adireshin wanda aka aika wa. Ko kuma a haɗa na'ura biyu rak, ɗaya a wannan bakin layi, ɗaya a wancan. Abin da ya fita daga nan ba shi da wurin zuwa sai can. Wannan na biyun shi ne haɗin kai-tsaye tsakanin biyu, kuma shi ne yadda mutane suka fara shiga intanet daga gidajensu: kwamfuta, modem, layin tarho, sai wani modem a ofishin kamfanin da ke sayar da intanet.

A ido abu ne mai sauƙi, amma akwai ƙura a ciki. Intanet ba ya aika bayani a dunƙule. Yana yayyanka shi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da adireshin inda ya fito da inda za shi. Shi kuwa layin tarho bai san wani abu ƙunshi ba, baiti kawai, wato ƙananan lambobin da kwamfuta ke rubuta bayani da su, yake zubowa ɗaya bayan ɗaya. Ta yaya mai karɓa zai gane inda wannan ƙunshi ya ƙare, wancan ya fara?

Amsar farko da ta yaɗu ita ce SLIP. Rick Adams ya rubuta ta don manhajar Unix ta Berkeley a 1984, aka kuma wallafa bayaninta a 1988 a takarda mai lamba RFC 1055, wadda ita da kanta ta rubuta a takenta cewa ba daidaitacciyar ƙa'ida ba ce. Dabararta guda ce: duk inda ƙunshi ya ƙare a sa baiti mai lamba 192. Shi ke nan. Ba ta duba ko hayaniyar layi ta gurɓata saƙo. Ba ta iya faɗa wa kwamfutarka adireshinta, sai ka shigar da hannu. Ba ta iya ɗaukar wani nau'in bayani in ba na IP ba, wato tsarin da intanet ke aiki da shi, alhali a wancan zamani Novell na da nasa tsarin, Apple na da nasa, DEC ma haka. Takardar ba ta ɓoye waɗannan nakasu ba, ta jero su da kanta.

## Abin da PPP ya gyara

An wallafa PPP, ƙa'idar wannan haɗi na kai-tsaye tsakanin biyu, karon farko a watan Nuwamban 1989 a RFC 1134, wadda Drew Perkins ya rubuta. Aka yi ta gyara ana sake fitarwa, a 1990, da 1992, da 1993, har aka tsaya a kan RFC 1661 a watan Yulin 1994, wadda William Simpson ya tace. Ita ce har yau ake aiki da ita. Shekara biyar ke nan ana gwaji ana gyara kafin a ce an gama, kuma wannan jinkiri na cikin dalilan da suka sa ta daɗe.

Aikin PPP kashi uku ne. Na farko shi ne naɗe ƙunshi. An aro tsarin daga HDLC, wata tsohuwar ƙa'ida ta hukumar ISO. Ana buɗewa da baiti na musamman mai lamba 126, a faɗi wane irin kaya ke ciki, a zuba kayan, a biyo da ɗan lissafi na baiti 2 da mai karɓa zai sake yi don ya tabbatar babu abin da ya lalace a hanya, sannan a rufe da 126 ɗin. Idan aka yi rashin sa'a lambar 126 ta faɗo a tsakiyar kayan fa? Sai a sa mata alamar gargaɗi mai lamba 125 a gabanta, a ɗan sauya ta, mai karɓa ya mayar da ita yadda take. Ƙananan abubuwa irin wannan su ne ainihin aikin rubuta ƙa'ida. Idan injiniyan Cisco ya fahimce su daban da injiniyan 3Com, layi ba zai tashi ba, kuma kowa zai rantse na'urarsa lafiya lau take.

Kashi na biyu, wanda a ganina shi ne basirar PPP, shi ne sasantawa kafin a fara aiki. Sunansa LCP. Kowane ɓangare na aika jerin buƙatunsa: ga girman ƙunshin da zan iya karɓa, ga yadda nake so ka tabbatar mini da ko kai wane ne. Ɗaya ɓangaren na da amsa uku. Ko ya ce na amince. Ko ya ce na san wannan zaɓi amma adadin bai yi mini ba, ga wanda zan iya. Ko ya ce ban ma san wannan zaɓi ba, cire shi. Wannan amsa ta uku ce ta ba PPP tsawon rai. Tana nufin za a iya ƙirƙiro sabon zaɓi bayan shekara goma, tsohuwar na'ura ta ce ban san shi ba, kuma haɗin ya ci gaba ba tare da shi ba maimakon ya rushe. Har wata lamba ake zaɓa barkatai a aika, don idan na'ura ta ga lambarta ta dawo mata, ta gane cewa layin ya naɗe ne, da kanta take magana.

A nan ne kuma ake tantance mai shiga. Hanya ta farko, PAP, tana aika suna da kalmar sirri tsirara, duk wanda ya kasa kunne a layin ya gani. Ta biyu, CHAP, ta fi wayo. Saba, wato kwamfutar da kake neman shiga, na aiko da wata lamba sabuwa, kwamfutarka ta cakuɗa ta da kalmar sirri ta hanyar lissafin da ba a iya warware shi da baya, ta mayar da sakamakon. Saba ta yi nata lissafin ta kwatanta. Kalmar sirrin kanta ba ta taka layin ba. Daga baya, a 1998, aka ƙaro EAP, wadda ba hanyar tantancewa ba ce ita kaɗai, mazubi ce da za a iya zuba kowace sabuwar hanya a ciki. EAP ta fi uwar da ta haife ta yaɗuwa, domin ita ce ke aiki a Wi-Fi na jami'o'i da manyan kamfanoni, inda kowane mutum ke shiga da sunansa da kalmarsa.

Kashi na uku shi ne shirya kowane nau'in bayani da za a ɗauka. Na IP sunansa IPCP, kuma shi ne ke ba kwamfutarka adireshi da zarar ta shiga.

Wanda ya yi zamani da ɗan modem ɗin nan mai kama da filasha da ake cusa wa layin waya a soka a kwamfuta, ya yi amfani da PPP ko bai sani ba. A cikin saitinsa akwai gurbin lambar da za a kira, an rubuta *99#. Kana danna maɓallin haɗawa sai ka ga rubutu na sauyawa: ana kira, ana tantance suna, ana rajista a hanyar sadarwa. Waɗannan matakan LCP da CHAP ko PAP da IPCP ne ke wucewa a gaban idonka cikin daƙiƙa kaɗan. Abin lura a nan: a cikin ainihin PPP babu inda ake kulle bayanin da ke wucewa. An ɗauka cewa layin naka ne kai da kamfani, babu na uku.

## Su wa ke rubuta waɗannan ƙa'idoji?

Ba gwamnati ba ce, ba kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Wata ƙungiyar injiniyoyi ce mai suna IETF, wadda ta yi zamanta na farko a San Diego ta Amurka a watan Janairun 1986 da mutum 21. Ba ta da katin zama mamba. Duk wanda ya iya aikin yana iya shiga muhawara, kuma a ƙa'ida kowa na magana ne da sunan kansa, ba da sunan kamfanin da ke biyansa albashi ba, ko da yake kowa ya san wa ya saya wa wa tikitin jirgi. Suna haɗuwa sau uku a shekara, sauran aikin a rubuce ake yin sa. An raba aikin ƙungiya-ƙungiya. PPP da ƙare-ƙarensa na da tasu, L2TP ma ta samu tata daga baya.

Ba sa kaɗa ƙuri'a. David Clark na jami'ar MIT ya taƙaita aƙidarsu a 1992 da cewa sun ƙi sarakuna da shugabanni da ƙuri'a, abin da suka yarda da shi shi ne rinjayen fahimta da manhajar da aka ga tana aiki. A zauren taro, idan ana son jin inda ra'ayi ya karkata, sai a ce masu goyon baya su yi gunji da baki a rufe, sannan masu adawa su yi nasu, shugaban zama ya auna da kunne. Abin kamar wasa, amma da dalilinsa: ba a iya ƙirga gunji, don haka kamfani ba zai cika zaure da ma'aikatansa ya ce ya yi rinjaye da hannu kaza ba.

Abin da suka amince da shi ana wallafa shi a jerin takardun RFC, jerin da Steve Crocker ya fara a watan Afrilun 1969. Ga inda ake yawan ruɗewa, har a tsakanin masu aikin kwamfuta. Samun lambar RFC ba ya nufin IETF ta sa wa abu albarka. Takardun aji-aji ne. Akwai waɗanda ke kan turbar zama daidaitacciyar ƙa'ida. Akwai na gwaji. Akwai na tarihi, waɗanda aka yi ritaya da su. Akwai kuma na sanarwa kawai, inda kamfani ke cewa ga yadda kayana ke aiki, a rubuta don kowa ya sani. PPP ta bi turbar har ƙarshe, ta zama cikakkiyar ƙa'ida mai lamba STD 51. PPTP kuwa, mai lamba RFC 2637, ta ajin sanarwa ce kawai. Mai tallan rauta zai rubuta a kwali cewa na'urarsa na bin RFC kaza, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗa maka ajin takardar ba.

Kuma IETF ba ta da 'yan sanda. Ba ta iya tilasta wa kowa bin ƙa'ida, ba ta iya hana kowa amfani da wadda ta ruɓe. Shi ya sa mutuwar ƙa'ida ba ta zuwa daga zauren taro, sai ranar da masu ƙera waya da kwamfuta suka cire ta daga kayansu.

## Kuɗin waya ne ya haƙa rami

A tsakiyar shekarun 1990 manyan kamfanonin Amurka na da matsala. Ma'aikaci na tafiya, yana otal a wani gari, yana son shiga kwamfutocin ofis. Dole kamfani ya ajiye tarin modem da layukan tarho, ma'aikacin kuma ya yi kiran nesa mai tsada na tsawon awanni. Sai aka ce: tunda akwai masu sayar da intanet a kowane gari, me zai hana ya kira lambar cikin gari mai araha, sannan a ɗauki zaman PPP ɗinsa ɗungurungum a kai shi ofis ta cikin intanet?

Yadda ake yi shi ne a ɗauki ƙunshin gaba ɗaya, da adireshinsa da komai, a saka shi cikin wani sabon ƙunshi, a rubuta adireshin ƙofar ofis a na wajen. Na'urorin da ke hanya na wajen kawai suke karantawa, su miƙa gaba. Idan ya isa, a cire na wajen, na cikin ya ci gaba da tafiya kamar daga cikin ofis ya taso. Wannan shi ne rami. Na'ura biyu da ke da nisan dubban kilomita da na'urori ashirin a tsakaninsu suna mu'amala kamar waya ɗaya ce ta haɗa su kai-tsaye.

A lura da kyau, saka ƙunshi cikin ƙunshi ba kullewa ba ne. Na'urorin hanya ba sa duba ciki ne don ba aikinsu ba ne, ba don ba za su iya ba. GRE, wadda Cisco ta fito da ita aka wallafa a 1994, rami ce tsantsa, babu kulle ko kaɗan. L2TP ita kaɗai ma haka. Kullewa aiki ne daban, da lissafinsa daban, da makullansa daban.

## Microsoft da Cisco, da sulhun 1999

Kamfanoni biyu suka fito da amsa biyu. Microsoft da abokansa irin su Ascend da 3Com suka yi PPTP, suka sa ta cikin Windows, wanda hakan ya kai ta kusan kowane tebur na ofis a duniya. Cisco ta yi L2F, ta sa a cikin na'urorinta da ke hannun masu sayar da intanet. Kowa na da ƙarfi a ɓangarensa, kuma biyun ba sa jin yaren juna.

A IETF aka zauna aka haɗa su, aka ɗauko wani abu daga nan wani daga can, aka fitar da L2TP a RFC 2661 a watan Agustan 1999. Sunayen marubutanta kaɗai sun isa labari: akwai mutanen Cisco, da na Microsoft, da na Ascend, da na Redback. Game da sirri kuwa, aka ce kada a sake ƙirƙirar abin da ake da shi, a jingina ta da IPsec, tsarin kullewa da IETF ta fara wallafawa a 1995. An rubuta yadda za a haɗa biyun a 2001, shi ya sa a saitin VPN ake ganin L2TP/IPsec a manne. A 2005 aka fitar da zubi na uku na L2TP, wanda ke iya ɗaukar wasu kaya ban da PPP, kuma kamfanonin sadarwa na amfani da shi a cikin hanyoyinsu.

L2F ta mutu salin-alin. PPTP kuwa ta ƙi mutuwa, saboda sauƙinta. Suna, kalmar sirri, adireshin saba, an gama. L2TP da IPsec na buƙatar ƙarin makulli ko takardar shaida, kuma tana yawan rigima da rautocin gida. Mutane suka zaɓi mai sauƙi.

## Yadda PPTP ta karye

Tun 1998 Bruce Schneier da wani masani da aka fi sani da Mudge suka wallafa nazarin da ya nuna ramukan da ke cikin yadda Microsoft ta gina tsaron PPTP. Microsoft ta gyara, ta fito da zubi na biyu na MS-CHAP, wato irin nata CHAP ɗin da ake tantance mai shiga da shi. A 1999 su biyun tare da David Wagner suka sake dubawa, suka ce an samu ci gaba, amma har yanzu ƙarfin tsaron bai wuce ƙarfin kalmar sirrin da mutum ya zaɓa ba. Ga kuma dokar Amurka ta wancan lokaci da ta taƙaita fitar da kulle mai ƙarfi zuwa ƙasashen waje, wadda ta sa aka yi wa tsarin zubi mai makullin bit 40 kacal.

Bugun ƙarshe ya zo a 2012, a taron DEF CON a Las Vegas, daga Moxie Marlinspike da David Hulton. Aibin da suka nuna na da ban mamaki don sauƙinsa. MS-CHAP na mayar da kalmar sirri zuwa baiti 16, ta cika da sifili har su kai 21, ta raba gida uku, kowane gida baiti 7, ta yi amfani da kowanne a matsayin makullin wani tsohon tsarin kullewa mai suna DES. Gida na uku baiti 2 ne kawai na gaske, sauran biyar sifili ne, don haka kwamfutar gida ma na fasa shi nan take. Sauran biyun kuma abu ɗaya suke kullewa, saboda haka ana iya gwada kowane makulli a kan duka biyun a zagaye guda. Tsaron da ake zaton ya kai na makulli uku ya koma na makullin DES ɗaya mai bit 56. Suka gina na'ura ta musamman da ke gwada dukkan makullan cikin ƙasa da kwana ɗaya, suka kuma buɗe ta ga duk mai biya. Daga ranar, tsawon kalmar sirrinka ya daina amfani. Ko harafi talatin ce, wanda ya naɗi gaisuwar farko tsakaninka da saba zai iya buɗe duk abin da ya biyo baya.

Shekara 12 ke tsakanin wannan da sanarwar Microsoft ta 2024. Ni a ganina wannan tazara ita ce babban aibin tsarin gaba ɗaya. An iya haifar da ƙa'ida, ba a iya binne ta ba, domin kowane kamfani na tsoron ranar da abokin ciniki zai kira ya ce sabuntawa ta kashe masa haɗin reshensa.

## Baiti 8 da ke hana shafi buɗewa

PPP ba ta tafi tare da layin tarho ba. Da intanet mai sauri ya zo, masu sayarwa ba su so rabuwa da tsarin suna da kalmar sirri da suke lissafin kuɗi da shi ba. Sai aka yi PPPoE a 1999, RFC 2516, ita ma ta ajin sanarwa, wadda ke ɗora PPP a kan kebul ɗin Ethernet. Wanda aka ja wa faiba gida ko ofis, in ya buɗe shafin saitin rautarsa, akwai yiwuwar ya tarar da PPPoE a wurin nau'in haɗi, da suna da kalmar sirrin da mai sakawa ya shigar.

Kusa da su akwai wani gurbi da aka rubuta 1492. Ethernet na ɗaukar baiti 1500 a ƙunshi guda, PPPoE na cin 6, PPP na cin 2, saura 1492. Kowane rami haka yake, yana cin wani abu daga wurin kaya. Idan saitin ya kuskure, sai a ga abin al'ajabi: saƙon WhatsApp na shiga, ƙananan shafuka na buɗewa, amma babban shafi ya tsaya yana juyawa. Ƙananan ƙunshi na wucewa, manya na maƙalewa.

## Inda ake ja-in-ja

Gardama ta farko tsakanin aikin kwamiti ne da aikin mutum ɗaya. IPsec ɗan kwamiti ne, kuma an gan shi a jikinsa. Niels Ferguson da Schneier sun nazarce shi wajen ƙarshen shekarun 1990, suka ce ya fi duk abin da ake da shi a lokacin, amma zaɓuɓɓukansa sun yi yawan da zai yi wuya a tabbatar da tsaronsa. Kowa ya zo taro da buƙatarsa, aka sa wa kowa tasa. An rage wannan nauyi a 2005 da IKEv2, sabuwar hanyar musayar makullan IPsec. A ɗaya gefen akwai OpenVPN da James Yonan ya fara a 2001, da WireGuard na Jason Donenfeld, wanda ya shiga cikin zuciyar Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows, a 2020 da layukan manhaja kusan 4,000 kacal. WireGuard ba ya sasanta komai game da nau'in kulle, an zaɓa maka, in ka ƙi ka bari. Wato kishiyar falsafar LCP ke nan. Kuma bai bi ta turbar IETF ba, amma manyan masu sayar da VPN sun rungume shi.

Masu goyon bayan kwamiti na da amsa mai ƙarfi. Banki da ke haɗa rassansa da na'urorin kamfani uku daban-daban na buƙatar rubutacciyar ƙa'ida da ba ta dogara da ran mutum ɗaya ko ra'ayin kamfani ɗaya ba. Duka ɓangarorin na da gaskiya, sai dai tarihin PPTP ya nuna wani abu da ya fi ƙarfin gardamar: abin da ya cece mu ba kwamiti ba ne, ba kuma gwanin mutum ɗaya ba, buɗe tsarin ne ga masu neman aibinsa. Ko buɗewar ma ba ta isa ita kaɗai ba in babu mai dubawa. A 2020 aka gano wani kuskure a pppd, manhajar PPP da ke cikin Linux da ɗimbin rautoci, wanda ya shekara 17 yana zaune a fili.

Gardama ta biyu da gwamnatoci ce. IETF ta bayyana matsayinta tun 1996 cewa raunana kulle da gangan cutarwa ce ga kowa. A 2000 ta ƙi amincewa ta gina ƙofar satar sauraro a cikin ƙa'idojinta. Bayan fallasar Edward Snowden ta 2013, ta wallafa RFC 7258 a 2014, wadda ta ayyana sa ido na bai-ɗaya a matsayin hari da ya wajaba masu tsara ƙa'ida su kare mutane daga gare shi. Hukumomin tsaro na cewa masu laifi na fakewa a ramukan, kuma ba ƙarya suke yi ba. Injiniyoyi na amsawa cewa ƙofar da aka bar wa ɗan sanda ɓarawo ma zai same ta. Ƙasashe irin su Sin da Rasha da Iran ba su tsaya gardama ba, sun koma gane kowace ƙa'ida daga siffar ƙunshinta suna toshewa. PPTP na da sauƙin kamawa don tana amfani da ƙofa mai lamba 1723. SSTP kuwa na bi ta ƙofa 443, wadda duk shafukan banki da kasuwanci ke bi. Abin dariyar shi ne, kayan da SSTP ke ɗauke da shi a ciki PPP ne, ita dai wannan ta 1994.

## Mai waya a hannu fa?

Da farko, kana cikin rami tun kafin ka sauke wata manhaja. Duk datar da wayarka ke sha tana bi ta ramin GTP a cikin hanyar kamfanin layinka, ƙa'idar da ƙungiyar 3GPP ke kula da ita, ba IETF ba. Shi ne ke sa adireshinka bai sauya ba kana cikin mota daga wannan turken sabis zuwa wancan. Ba don sirri aka yi shi ba.

VPN mai kulle na gaske yana hana kamfanin layinka da mai Wi-Fi ɗin otal ganin shafukan da kake shiga. Amma suna ganin cewa kana kan VPN, da yawan datar da kake sha. A ƙarshen ramin kuma akwai mai saba, wanda yanzu shi ke ganin abin da kamfanin layin ke gani a da. Amana ce ka ɗauke daga hannu ka sa a wani hannun. Idan manhajar kyauta ce, ba ka san mai ita ba, ba ka san ƙasar da yake ba, to ka tambayi kanka da me yake biyan kuɗin sabobinsa. Kuma da zarar ka shiga Facebook da sunanka, Facebook ya san kai ne, ko ta wane rami ka ɓullo.

Rami kuma ba ya haƙuwa a iska. Lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumban 2021, babu VPN ɗin da ya yi wa kowa rana, don babu hanyar da zai hau. Toshe shafi ɗaya daban, kashe sabis daban.

Waɗanda ya fi kamata su ɗauki darasi daga sanarwar Microsoft su ne ƙananan ofisoshi, makarantu, asibitoci masu zaman kansu da shagunan da wani ya haɗa musu reshe da hedikwata shekarun baya, ko ya saita musu yadda mai gida zai leƙa kyamarorin tsaro daga nesa. Irin wannan aiki sau da yawa da PPTP aka yi shi, don ita ce mafi saurin saitawa a rauta, kuma tunda yana aiki babu wanda ya sake waiwayarsa. Dubawar ba ta da wuya. A buɗe saitin VPN a rautar ko a kwamfutar, a karanta abin da aka rubuta a gurbin nau'i. In PPTP ne, a ɗauka cewa duk wanda ya iya naɗar zirga-zirgar zai iya karanta ta, a sauya zuwa IKEv2 ko WireGuard ko OpenVPN, a kuma canza kalmomin sirrin da aka taɓa amfani da su a kanta, domin wanda ya fasa MS-CHAP ya samu abin da zai shiga da sunanka. In L2TP ne, a tabbatar IPsec na tare da ita, kuma makullin da aka raba ba sunan ofis ba ne da 123 a ƙarshensa.